Abin da Ke Bayan Zanen Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa a gidansu ke kira Yaya. Ƙaninta ne ya fara kiran ta haka, sai sunan ya bi ta. Har Baba ma Yaya yake ce mata. Shi kuma ƙanin, Auta ake ce masa. Bai daɗe da shiga makaranta ba.

Gidansu ƙarami ne. Akwai ɗakin Umma da Baba, da falo, da kicin, da banɗaki, sai wani ɗan sito da aka cika da tarkace. Yaya da Auta a falo suke kwana. Kullum sai an shimfiɗa katifa, da safe kuma a naɗe ta a jingine bayan kujera.

Yaya ta tsani kwanan falo. Idan aka yi baƙi, ba barci sai sun tafi, kuma akwai baƙon da idan ya zauna kamar ya manta hanyar gidansa. Littattafanta ba su da wurin zama. Yau suna ƙarƙashin kujera, gobe suna kan firij.

"Umma, yaushe zan samu ɗakina?" Haka take tambaya safe da yamma.

"Ranar da kika gina naki," in ji Umma.

Wata Asabar sai Baba ya tashi da ƙarfinsa. Ya fitar da tarkacen siton nan kaf, har da tsohuwar fanka da keken da ba shi da taya. Ya share, ya yi wa bango shuɗin fenti. Da fenti ya bushe, ya kawo ƙananan gadaje biyu. Yaya ta yi wuf ta zaɓi na kusa da taga, don ita ce babba. Auta ya samu na jikin ɗaya bangon, bai kuma damu ba.

Baba ya dafa bangon da ke kusa da gadon Auta.

"Yaya, zo ki ji. Bayan bangon nan banɗaki ne. A da yakan yi danshi, amma na sa an gyara. Idan kin ga ya jiƙe, ko ya sake kala, ki gaya mini nan take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ce mai ɗaki yanzu."

"Idan ya jiƙe fa, Baba?"

"Sai ku koma falo. Ba zan bar ku ku kwana cikin danshi ba."

"To, Baba," in ji ta. Amma a ranta ta ce ita da falo haihata-haihata.

Yaya ta riƙe ɗakin nan kamar ƙwai. Yarinyar da a da sai an yi mata magana sau uku kafin ta ɗauki tsintsiya, yanzu ita ke shara ba a sa ta ba. Ta jera littattafanta a kan taga. Ta ce wa Umma, "Kada ki wahalar da kanki da ɗakinmu, ni zan riƙa gyarawa." Umma ta ji daɗi, don ayyuka sun yi mata yawa.

Wata rana da yamma tana gyara gadon Auta, sai ta ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a bango, daidai wurin da yake sa kansa. Kamar an watsa garin gawayi. Ta taɓa wurin, ta ji sanyi da laima. Ta sunsuna yatsanta. Warin irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti ne.

Ta tuna maganar Baba.

Ta ɗauko ƙyalle ta goge. Wurin ya yi fes. Ba a jima ba ɗige-ɗigen suka dawo, har sun fi na da yawa.

Ta je har ƙofar falo, inda Baba yake shan shayi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa bayan kujera, wurin da ake jingine katifa a da.

"Lafiya, Yaya?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Sannu da hutawa na zo yi maka."

Ta koma ɗaki ta zauna, ta zuba wa bangon ido. Tana nan zaune sai ga Auta da gudu, da takarda a hannunsa.

"Yaya, kalli zakina!"

Auta yana son zane kamar me. Kullum sai ya kawo mata, kullum kuma sai ta ce, "Gafara can, karatu nake yi." Yau ma ta ɗaga hannu za ta kore shi. Sai ta dubi faɗin takardar, ta dubi faɗin baƙin da ke bango.

"Kai! Wannan zaki ya yi kyau," in ji ta. "Kawo mu liƙa shi a bango, kusa da kanka."

Auta ya zaro ido. "Da gaske, Yaya?"

"Da gaske mana."

Ta ɗauko salatif ta liƙe zakin a kan baƙin wurin. Ya rufe shi ruf. Auta ya yi ta tsalle a kan gado, ya ruga ya kira Umma ta zo ta gani.

Amma abin da ke bayan takarda bai san an rufe shi ba. Ya ci gaba da yaɗuwa. Ya leƙo ta gefen wutsiyar zaki.

"Auta, zana mini mota," in ji Yaya.

Ya zana mota, ta liƙa. Baƙin ya leƙo ta sama.

"Auta, zana mini jirgin sama. Babba nake so, ka cika takardar."

Ta ba shi fensirorinta masu kala, waɗanda a da ko taɓawa bai isa ya yi ba. Ta riƙa yago masa takardu daga tsofaffin littattafanta. Auta ya zana kifi, ya zana gida, ya zana Umma da wata katuwar tukunya. Sannu a hankali bango ya cika.

Baba ya leƙo daga bakin ƙofa ya yi dariya. "A'a, ashe babban mai zane gare mu a gidan nan!"

Umma ta dafa kan Yaya. "Allah ya yi miki albarka. Haka ake son babba ta riƙa jan ƙaninta a jiki."

Yaya ta ce amin da ƙaramar murya. Albarkar nan ta yi mata nauyi, don ta san ba ta ci ta ba.

Shi kuwa Auta, ya daina juya wa bango baya. Idan zai kwanta sai ya matsa sosai, ya fuskanci zane-zanensa, hancinsa ya kusa taɓa takarda. A haka yake barci har gari ya waye.

Ba a daɗe ba ya fara atishawa da safe. Hancinsa ya riƙa zuba. Idanunsa suka yi ja, yana ta murza su.

"Mura ce," in ji Umma. Ta ba shi magani, ta hana shi shan ruwan sanyi.

Mura ta ƙi tafiya. Tari ya biyo baya. Ita ma Yaya takan tashi da ƙaiƙayin ido da nauyin kai, amma nata da sauƙi, don gadonta yana kusa da taga.

Wata safiya Umma ta tsaya a ƙofar ɗakin ta yamutsa fuska. "Wai warin mene ne wannan?"

"Safar Auta ce," in ji Yaya da sauri. "Kin san shi da cusa safa a ƙarƙashin gado."

"Ba ni ba ne!" in ji Auta.

"Ba kai ba ne, to ni ce?" in ji Umma. "Maza kwaso su a wanke."

Auta ya tafi yana ƙunƙuni. Daga ranar Yaya ta riƙa fesa turaren Umma a ɗakin, tana kuma rufe ƙofa don kada wari ya kai falo. Ita a ganinta dabara ce. Ba ta san daɗa kulle ƙaninta take yi da abin da ke cutar da shi ba.

Wata rana Auta ya kira ta yana dariya.

"Yaya, zo ki ga abin mamaki! Zakina ya zama damisa!"

Ta duba. Baƙin ya cinye takardar ta baya, ya ɓullo ta gaba. Jikin zakin ya yi ɗige-ɗige. Auta yana ta murna, ita kuwa ta ɗauko sabuwar takarda.

"Zana wani sabo mu ɗora a kai," in ji ta.

"A'a, ina son damisata."

"Na ce ka zana wani!"

Ya dube ta da mamaki, sannan ya ɗauki fensir.

A makaranta, Auta ya daina gudu lokacin hutun tara. Yana zama a gindin bishiya yana kallon 'yan ajinsu. Idan ya ɗan yi gudu sai ya dafe ƙirji. Wanda ya matsa kusa da shi zai ji wani siririn sauti yana fita idan ya ja numfashi, kamar ƙaramin usur.

Da Umma ta ji wannan sautin, ba ta tsaya wata-wata ba. Ta kai shi asibiti, Yaya ta raka su tana riƙe da jaka.

Likita ta sa abin sauraro a ƙirjin Auta da bayansa. Ta daɗe tana saurare.

"Ƙirjinsa ya shaƙe," in ji ta. "Alamun asma ne. Akwai abin da yake shaƙa da ke tayar masa da shi. Ana shan taba a gidan?"

"A'a," in ji Umma.

"Kuna da kyanwa ko tsuntsaye?"

"Babu."

"Inda yake kwana fa? Babu danshi? Babu fumfuna a bango ko a katifa?"

"Haba, Likita, sabon fenti ne. Ga yayarsa nan, kullum sai ta share ta goge. Ko ba haka ba, Yaya?"

Umma da Likita suka juyo suka dube ta. Ta matse jakar Umma a ƙirjinta.

"Haka ne," in ji ta.

Likita ta ba su wani ɗan abin shaƙa, ta nuna wa Umma yadda ake fesa masa a baki idan numfashi ya yi masa wuya. Suka dawo gida. Auta ya koma gadonsa, ya fuskanci bango.

Washegari Yaya ta kasa karatu. Kalmar da Likita ta faɗa ta tsaya mata a rai. Da aka tashi tara, ta tsaya har aji ya watse, sannan ta je wurin malamar kimiyya.

"Malama, mene ne fumfuna?"

"Kin taɓa ganin burodin da ya daɗe, ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi? To wannan ita ce. Abu ne mai rai. Tana tsirowa a duk inda laima ta zauna, iska kuma ba ta shiga. Bango, katifa, takarda, duk tana kamawa."

"Tana sa ciwo?"

"Tana iya sawa. Tana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi a iska, waɗanda ido ba ya gani. Idan mutum ya yi ta shaƙa, sai atishawa da tari da ƙaiƙayin ido. Wani ba ta yi masa komai sosai. Amma ƙananan yara, da tsofaffi, da masu asma, tana ba su wuya ƙwarai. Me ya sa kike tambaya?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Wata ƙawata ce. A ɗakinsu abin ya fito."

Malama ta ajiye allinta ta dube ta da kyau.

"To, ki gaya wa ƙawar taki ta faɗa wa iyayenta yau, ba gobe ba. Ana iya wanke ta, amma aikin manya ne. Sai an fara gano inda ruwa ke fitowa an toshe. Kada ta taɓa da kanta. Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

Ta ji ɗin, amma abu ɗaya kawai ta ɗauka a duk maganar: ana iya wankewa. Ta ce a ranta, idan na kankare shi tas, Auta zai warke, ɗaki kuma zai zauna. Ba wanda zai sani.

Ranar Asabar da rana Baba ya fita aiki. Umma tana wanki a bayan gida. Auta ya gama cin abinci, barci ya kwashe shi a kan gadon Yaya.

Yaya ta rufe ƙofa. Ta rufe taga, ta saki labule, don kada Umma ta hango ta. Ta janye gadon Auta, ta fara ɓamɓare zane-zanen ɗaya bayan ɗaya.

Babu sauran shuɗin fenti. Bangon ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wani wurin kuma kore mai gashi-gashi. Wari ya buge ta.

Ta ɗauko burushin goge takalmi mai tauri, ta hau kankara da dukkan ƙarfinta. Wata baƙar ƙura ta tashi ta cika ɗakin. Ta fara tari, idanunta suna ruwa, amma ba ta tsaya ba. Hausawa sun ce garin gyaran gira akan rasa ido.

Tarin Auta ne ya tsayar da ita.

Ya tashi zaune. Ya dubi zane-zanensa a zube a ƙasa, ya dubi baƙin bango.

"Yaya, me ya sa kika..."

Bai iya ƙarasawa ba. Ya buɗe baki yana neman iska. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Sautin usur ɗin nan ya fito da ƙarfi. Ya miƙo mata hannu, idanunsa sun firfito don tsoro.

Yaya ta yar da burushi. A wannan lokacin ba ta tuna ɗaki ba, ba ta tuna falo ba. Ta banke ƙofa ta ƙwalla ihu.

"Umma! Umma! Auta ba ya numfashi!"

Umma ta shigo da kumfa a hannunta. Ta ga bango, ta ga ƙura, ta ga ɗanta. Ta sunkuce shi ta fitar da shi waje inda iska take. Ta fesa masa abin shaƙa, amma sauƙin kaɗan ne. Ta aiki Yaya ta buga ƙofar maƙwabcinsu mai mota. Yaya ta ruga ko takalmi babu.

A asibiti aka kwantar da Auta, aka rufe masa hanci da baki da wata roba mai fitar da tururin magani. Ya yi ƙanƙani a kan babban gadon. Yaya ta raɓe a jikin ƙofa, hannayenta baƙi ƙirin.

Likitar nan ce dai ta ranar. Ta dubi hannayen Yaya.

"Me kika taɓa?"

Yaya ta fashe da kuka. "Fumfuna ce, Likita. A bangon ɗakinmu take, daidai kansa. Ta daɗe. Ni na rufe ta da zanensa. Ranar da kika tambaya ƙarya na yi. Yau na kankare ta yana ciki, ƙofa a rufe."

Umma ta dafe kai ta zauna a kan kujera.

Likita ba ta yi tsawa ba. Ta ce wa ma'aikaciyar jinya ta kai Yaya ta wanke hannu da fuska. Da ta dawo, ta zaunar da ita.

"Da kin faɗa tun ranar, da bai kai ga wannan gadon ba," in ji ta. "Ba zan ɓoye miki ba. Amma faɗar da kika yi yanzu ta taimake ni. Na san abin da nake faɗa da shi. Kada ya sake shiga ɗakin nan sai an gyara shi ya bushe."

"Zai warke?"

"In Allah ya yarda. Dubi ƙirjinsa, ya fara lafawa."

Can sai ga Baba, ko kayan aiki bai cire ba. Umma ta ja shi gefe ta gaya masa komai. Ya daɗe tsaye a kan Auta yana shafa masa kai. Sannan ya fito ya zauna kusa da Yaya a kan benci. Ya yi shiru. Yaya ta gwammace ya yi mata faɗa ko ya dake ta, da wannan shirun.

"Baba, ka yafe mini," in ji ta. "Tsoron komawa falo nake yi."

"Falo," in ji Baba a hankali. "Yaya, katifa a falo da numfashin ƙaninki, wanne ya fi?"

Hawaye kawai ke zubo wa Yaya.

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma ina da nawa laifin. Na san halin bangon nan, ya kamata in riƙa dubawa da kaina. Na tsaya a bakin ƙofa ina yaba zane. Amma ke kin gani da idonki, aka tambaye ki, kika ce babu. Wannan shi ya fi yi mini ciwo."

"Da na sani, Baba..."

"Da na sani ƙeya ce, a baya take. Tashi ki je ki riƙe masa hannu."

Auta yana asibiti aka kira mai gyaran famfo. Ya fasa bango, ya gano wata 'yar huda a jikin bututu, ba ta fi hancin allura ba. Ita ce ke ɗiga a ɓoye. Da tun farko aka sani, aikin safiya ɗaya ne. Yanzu kuwa sai da aka farfashe rabin bangon. Masu aikin suka sa takunkumi da safar hannu, suka buɗe taga da ƙofa.

Aka fitar da katifar Auta aka yar, don fumfuna ta kama ta. Littattafan Yaya da yawa su ma sun tafi. Zane-zanen kuwa, ko ɗaya bai tsira ba. Baba ya zuba su a leda ya ɗaure. Yaya tana tsaye tana kallo aka tafi da su.

Da aka sallami Auta, falo suka koma. Abin da ta yi ta gudu, shi ta tarar. Amma wannan karon ita ke shimfiɗa katifa, ita ke naɗewa, ba tare da ƙorafi ba.

Jikin Auta ya yi sauƙi. Tari ya ragu, atishawa ta tsaya. Sai dai ya daina zane. Fensirori suna nan a kan tebur, ko kallonsu ba ya yi. Ya kuma rage yi wa Yaya magana.

Wata yamma ta kawo masa farar takarda. "Auta, ba za ka zana mini komai ba?"

Ya girgiza kai. Ya jima yana wasa da yatsunsa, sannan ya ɗago.

"Yaya, ashe ba son zanena kike yi ba? Bango kawai kike rufewa?"

Wannan tambaya ta fi duk maganar Likita da ta Baba yi mata zafi. Ta so ta ce masa duka tana so. Amma ta gaji da ƙarya.

"Da farko bango nake rufewa," in ji ta. "Ko kallon kirki ban yi musu ba. Na cuce ka, Auta, ka yafe mini. Har safarka na yi wa ƙarya. Amma daga baya na riƙa kallo. Zakin nan ya yi kyau da gaske. Kifin ma haka."

"Motar fa?"

"Motar ba ta yi kama da mota ba. Ta fi kama da burodi mai ƙafafu."

Auta ya harare ta. Sai kuma dariya ta kuɓuce masa. Ya yi ta dariya har ya kwanta, kuma bai yi tari ba ko sau ɗaya.

"Tayoyi ne, ba ƙafafu ba!" in ji shi. "Ba ni takardar in nuna miki."

Bango ya ɗauki lokaci kafin ya bushe. Baba bai yi gaggawa ba. Sai da ya tabbata babu sauran laima, sannan aka yi sabon shafe da fenti, aka sa sabuwar katifa. Wannan karon Yaya da kanta ta ce a ba Auta gadon kusa da taga. Kullum da safe sai ta buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa.

Ranar da suka koma ɗakin, Baba ya dawo da balan-balan a aljihunsa. Ya miƙa wa Auta ja.

"Bari in hura maka," in ji Yaya.

"Ni zan hura abina."

Ya cika ƙirjinsa da iska ya hura. Kumatunsa suka kumbura. Balan-balan ta fara girma. Ya sake ja, ya sake hurawa. Yaya ta matso kusa, ta kasa kunne. Babu usur, babu tari. Iska tana shiga tana fita salin-alin. Ya yi ta hurawa har balan-balan ta fi kansa girma, sai ta fashe, fau!

Umma ta zabura ta shigo daga kicin. Baba ya tuntsire da dariya. Auta ya tsaya da guntun roba a baki yana ƙyafta ido. Ita kuwa Yaya tana dariya, hawaye na zubo mata. Ta rungume ƙaninta ta ƙi saki.

"Yaya, za ki shaƙe ni!" in ji shi.

Ta sake shi da sauri, kowa ya sake fashewa da dariya.

Umma ta goge mata hawaye da gefen mayafinta. "To, me kika koya?"

"Idan na ga abin da zai cutar da mu, in faɗa nan take, ko da zan rasa abin da nake so," in ji Yaya. "Kuma in an tambaye ni, in faɗi gaskiya."

Haka ne kuwa, yara. Rufe matsala ba ya kashe ta, ƙara mata girma yake yi. Idan kun ga danshi ko fumfuna a bango, ko kun ji warinta a ɗaki, kada ku rufe, kada kuma ku kankare da kanku. Ku gaya wa manya a ranar. Babu ɗaki, babu kaya, babu abin so da ya kai lafiyar ɗan'uwanku.